Yadda direban da aka sanya a rukunin masu kasada zai samu inshorar mota ba tare da tsadar ta karya shi ba

Wasiƙar sabunta inshora takan zo wa mai mota sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma yawancin mutane ba sa tsayawa karanta ta sai ranar da adadin da ke ƙasanta ya yi tsalle. Direban da ya yi hatsari a bara, ko aka kama shi da gudun wuce sa'a sau biyu, ko ya bari inshorarsa ta mutu na wasu watanni, zai iya buɗe takardar ya tarar kuɗin ya ninka, ko ma ya tarar da layi ɗaya da ke cewa kamfanin ba zai sabunta masa ba. A wannan lokacin ne mutane da yawa suke yanke shawarar da ta fi cutar da su, wato su ɓoye abin da ya faru a wurin wani kamfani, ko su ci gaba da hawa titi babu inshora. Wannan jagora ta bi hanyar da ta fi aminci mataki-mataki, domin sunan "mai kasada" hukunci ne da aka gina kan tarihin tuƙi, tarihi kuwa yana tsufa, kuma akwai abin da mutum zai yi kafin ya tsufa.

Mataki na farko: ka gano dalilin da ya sa aka sa ka a wannan rukuni

Kamfanin inshora bai san halinka ba, kuma ba ya buƙatar ya sani. Abin da yake yi shi ne ya duba dubban direbobin da suka yi kama da kai, ya ga nawa ne daga cikinsu suka nemi diyya da kuma yawan abin da aka biya su, sannan ya ɗora maka farashi a kan haka. Abubuwan da suka fi jefa mutum cikin rukunin masu kasada sanannu ne: hatsarin da laifin ya kasance naka, tara laifuffukan hanya, tuƙi cikin maye, dakatar da lasisi, neman diyya a kai a kai ko da laifin ba naka ba ne, giɓi a tarihin inshora, soke inshora saboda rashin biya, ƙuruciya ko sabon shiga tuƙi, da kuma mota mai ƙarfin inji ko wadda ɓarayi suka fi so.

Ba dukansu ne nauyinsu ɗaya ba. Tuƙi cikin maye shi ne mafi muni kusan a ko'ina, kuma shi ya fi daɗewa yana bin mutum. A Birtaniya, misali, wannan laifi yakan zauna a kan bayanan lasisi har shekara 11, alhali yawancin laifuffukan gudu shekara 4 suke yi. Ƙuruciya kuwa ba laifi ba ce, amma alƙaluma ba sa goyon bayan matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hatsarin hanya shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma kamfanoni suna ganin irin wannan a littattafansu na diyya. A Faransa doka ta yarda a ƙara wa sabon direba har kashi 100 cikin 100 a shekarar farko, sannan ƙarin ya ragu da rabi a kowace shekarar da bai jawo hatsari ba.

Ka tambayi kamfaninka a rubuce abin da ya sa kuɗin ya tashi ko aka ƙi sabunta maka. Amsar ita ce za ta nuna maka ko ciwon na shekara ɗaya ne ko na shekara biyar, kuma maganin kowanne daban ne.

Mataki na biyu: ka karɓo tarihinka ka karanta da idonka

Akwai takardu iri biyu da kamfanoni ke dogaro da su: bayanan lasisinka da ke hannun hukumar kula da direbobi, da tarihin diyyar da aka taɓa nema da sunanka. A Amurka rahoton da ake kira CLUE yana ɗauke da tarihin neman diyya na shekara 7, kuma mutum yana da haƙƙin neman kwafinsa. A Faransa kamfani yana ba mai inshora takardar bayani da ke lissafa hatsarurrukan shekara 5 da suka wuce tare da nuna wanda ke da laifi a kowanne. A wasu ƙasashen wasiƙa ce kawai daga tsohon kamfaninka.

Ka zauna da takardar da alƙalami, ka bi ta layi-layi. Ka duba ranar kowane laifi, ka duba ko hatsarin da aka buge ka daga baya kana tsaye a danja an rubuta shi a matsayin laifinka, ka duba ko wata tambaya da ka taɓa yi ta waya game da ƙujewar fenti an shigar da ita kamar ka nemi diyya. Irin waɗannan kurakurai suna faruwa, kuma babu wanda zai gyara maka su in ba ka yi magana ba. Daga nan sai ka rubuta a gefe ranar da kowane laifi zai cika shekara uku da ranar da zai cika biyar, domin yawancin kamfanoni a tsakanin waɗannan shekarun suke daina lissafa shi. Waɗannan ranakun za su yi maka amfani a matakin ƙarshe.

Mataki na uku: ka fahimci abin da kake saye

A nan ne ya kamata a daɗe, domin mai neman sauƙi cikin gaggawa yakan yanke abin da bai kamata a taɓa ba, ya bar abin da ba ya buƙata.

Tushen kowace inshorar mota shi ne kariyar haƙƙin wasu: idan ka raunata mutum, ko ka yi sanadin mutuwarsa, ko ka lalata dukiyarsa, kamfani ne zai biya a madadinka. Wannan shi ne ɓangaren da doka ta wajabta a mafi yawan ƙasashe, kuma Birtaniya ta wajabta shi tun a dokar hanya ta 1930. Ba ya gyara motarka ko kaɗan. Sama da shi akwai wanda ya ƙara da gobara da sata, sai kuma cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motarka ko da kai ne mai laifi. A Amurka an raba kariyar motar mutum gida biyu, ta karo da wata mota ko wani abu, da ta sauran musibu kamar sata, ambaliya, ƙanƙara da faɗuwar bishiya. Akwai kuma ƙarin kariya ga jikin direba da fasinjojinsa, da kariya daga direban da ya buge ka alhali shi ba shi da inshora.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe da kyau shi ne iyakar abin da kamfani zai biya wa wasu. A Amurka ana rubuta ta da lambobi uku, kamar 25/50/25, ma'ana dala 25,000 ga raunin mutum ɗaya, dala 50,000 ga duk waɗanda suka ji rauni a hatsari ɗaya, da dala 25,000 ga dukiya. A ce ka bugi mai babur, ya kwanta asibiti, aka yi masa aiki a ƙafa, kuɗin magani da na rashin aikinsa suka kai dala 80,000. Kamfani zai biya 25,000 ya tsaya, sauran 55,000 kuwa a wuyanka suke, kuma kotu na iya bin albashinka ko kadararka don a biya su. Mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi yakan tsaya shekaru ba a taɓa shi ba yayin da kuɗin asibiti da na gyaran mota ke hauhawa. Jihar Kalifoniya ba ta ɗaga nata zuwa 30/60/15 ba sai a farkon 2025. Saboda haka, a ganina, direban da tarihinsa ya nuna yana iya sake hatsari shi ne ya fi kowa buƙatar iyaka mai faɗi, kuma wannan shi ne wuri na ƙarshe da ya kamata ya yi tsumulmula. Sau da yawa ɗaga iyakar ba ya ƙara kuɗi mai yawa idan aka gwada shi da kariyar da yake ƙarawa, don haka ka nemi a ba ka farashin matakai biyu ko uku ka gani da idonka.

Inda za a iya ragewa shi ne kariyar motarka, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce motarka ta tsufa, darajarta a kasuwa 3,000 ce a kowane irin kuɗi kake amfani da shi, ƙarin da za ka biya don cikakkiyar inshora 900 ne a shekara, kason da za ka fitar daga aljihunka kafin kamfani ya biya kuma 700 ne. Ko da motar ta lalace gaba ɗaya, abin da zai shigo hannunka bai wuce 2,300 ba, wato ƙasa da kuɗin shekara uku na wannan ƙarin. Mai irin wannan mota zai iya daina biyan cikakkiyar inshora ya tara kuɗin a gefe. Amma idan motar ta bashi ce ko ta haya mai dogon zango, mai ba da bashin zai wajabta cikakkiyar kariya, kuma ba ka da zaɓi. Sannan kada ka ɗauka cewa ƙaramar inshora ita ce mai araha a kullum. A Birtaniya an sha ganin cikakkiya ta fi sauƙi, saboda masu kasada sun yi wa ƙaramar yawa har farashinta ya tashi. Ka tambayi farashin duka biyun.

Ka kuma karanta shafin abubuwan da inshorar ba ta ɗauka ba. Yawancin kamfanoni ba sa gyara motar wanda ya yi hatsari cikin maye, kuma a wasu ƙasashe sukan biya wanda aka cutar sannan su dawo su nemi kuɗinsu a hannun direban. Ɗaukar fasinja don kuɗi ko kai saƙo da motar da aka yi wa inshorar amfanin gida kawai na iya sa a ƙi biyan diyya, haka ma ba da mota ga wanda ba a rubuta sunansa ba.

Mataki na huɗu: ka san yadda farashin ke hawa da sauka

Tsarin Faransa ya fi kowanne fito da lissafin fili, kuma fahimtarsa na taimakawa ko a ina mutum yake. Kowane direba yana farawa da ma'aunin 1.00, wanda ake ninka asalin kuɗin inshora da shi. Kowace shekarar da ta wuce babu hatsarin laifinsa, ma'aunin yana raguwa da kashi 5 cikin 100, har ya kai 0.50 bayan shekara 13. Kowane hatsarin da laifin nasa ne gaba ɗaya yana ƙara kashi 25 cikin 100, idan kuma an raba laifi, kashi 12.5, kuma ma'aunin ba ya wuce 3.50. Wanda ya yi hatsari biyu daga farawa zai tashi daga 1.00 zuwa 1.25, sannan zuwa 1.56. Amma dokar ta ce idan ya yi shekara biyu a jere babu hatsarin laifinsa, ma'auninsa zai koma 1.00 komai nisan da ya yi. Hawa da sauri, sauka a hankali, amma ƙofar sauka a buɗe take. Ƙasashe da dama suna da makamancin wannan da sunan rangwamen rashin neman diyya, sai dai kowane kamfani da nasa ma'aunin.

Akwai abubuwan da ke shiga farashi waɗanda ba su da alaƙa da yadda kake riƙe sitiyari, kamar unguwar da mota ke kwana, nisan tafiyarka a shekara, sana'arka da irin motar. A Birtaniya an daɗe ana kasa motoci rukuni 50, kuma mai ƙaramar lamba ta fi araha. A yawancin jihohin Amurka ana duba tarihin biyan bashi, ko da yake Kalifoniya da Hawayi da Masacusets sun hana. A Tarayyar Turai kuwa an hana bambanta farashi tsakanin mace da namiji tun daga Disamban 2012.

Mataki na biyar: ka nemi farashi a wurare da yawa, kuma ka faɗi gaskiya a kowanne

Kamfanoni ba sa kallon laifi ɗaya da ido ɗaya. Wani yana gudun mai tarihin maye amma yana sassauta wa matashi, wani kuma ya gina kasuwancinsa kacokan a kan direbobin da wasu suka ƙi. Don haka ka nemi farashi daga aƙalla wurare biyar, ka haɗa da dillalin inshora mai zaman kansa, domin yakan san ƙananan kamfanonin da ba sa fitowa a shafukan kwatanta farashi na intanet. Ka ba kowa bayani iri ɗaya, ka nemi kariya iri ɗaya da iyaka iri ɗaya, in ba haka ba kwatancin ba shi da amfani. Wanda yake son tsarin da ya dace da shari'ar Musulunci zai iya neman kamfanin takaful, inda mahalarta ke zuba kuɗi a asusu ɗaya don taimakon juna. Sai dai ya sani cewa a can ma tarihin tuƙi ne ke yanke yawan abin da zai zuba. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar a wurin hukumar da ke sa ido kan inshora a ƙasarka cewa kamfanin da dillalin suna da rajista, domin 'yan damfara sun san direban da aka ƙi a wurare uku ya fi kowa saurin karɓar takardar bogi mai araha.

Batun gaskiya ba wa'azi ba ne kawai, lissafi ne. Ka ɗauki direban da ya iso tambayar da ke cewa "Ka taɓa yin hatsari ko an hukunta ka kan laifin hanya cikin shekara 5 da suka wuce?", ya tsaya da yatsa a kan allo, ya zaɓi "a'a". Farashin ya sauka nan take, ya biya, ya samu takarda. Wata takwas bayan haka ya yi karo, kamfani ya binciki bayanansa kamar yadda yake yi kafin biyan kowace babbar diyya, ya ga abin da aka ɓoye. Za a iya rushe inshorar tun daga tushe kamar ba a taɓa yin ta ba, a ƙi gyara motarsa, a bi shi kuɗin da aka biya wanda ya buge, kuma daga ranar duk kamfanin da ya tambaye shi ko an taɓa soke masa inshora, dole ya ce e. Ya fita daga tsadar shekara uku ya faɗa wadda ba ta da ranar ƙarewa. Haka yake ga uban da ya rubuta sunansa a matsayin babban direba alhali ɗansa ne ke tuƙa motar kullum. Kamfanoni suna ɗaukar wannan a matsayin zamba, komai kyan niyyar uban.

Mataki na shida: ka rage kuɗin ta hanyoyin da ba su taɓa kariyar wasu ba

Hanya mafi ƙarfi ita ce sauya mota zuwa ƙarama mai ƙaramin inji, wadda kayan gyaranta ke da sauƙi. Ta biyu ita ce ɗaga kason da za ka biya daga aljihunka, amma da sharaɗin kuɗin suna ajiye. Idan ɗaga shi daga 300 zuwa 1,000 zai rage maka 120 a shekara, ka ɗauki nauyin ƙarin 700, kuma sai ka yi kusan shekara shida babu hatsari kafin ka ci riba. Idan ragin ya kai 350, shekara biyu sun isa, kuma wannan ciniki ne mai kyau.

Na'urar sa ido kan tuƙi, wadda ake maƙalawa a mota ko ake saukewa a waya, tana auna gudu, taka birki da ƙarfi, shan kwana da tuƙin dare. Ga matashi ko wanda ya gyara halinsa da gaske, ita ce hanya mafi sauri ta nuna wa kamfani yadda yake tuƙi yau maimakon yadda ya yi shekara biyu da suka wuce. Ga wanda aikinsa na dare ne ko bai daina gudu ba, tana iya ƙara masa kuɗi ko ta jawo a soke inshorar, don haka a karanta sharuɗɗanta kafin a amince. Kwas ɗin koyon tuƙin kariya da hukuma ta amince da shi yana kawo rangwame a wasu kamfanoni, amma ka tambaya kafin ka biya kuɗin kwas. Biyan kuɗin shekara gaba ɗaya yakan fi biyan wata-wata sauƙi, saboda na wata-wata sau da yawa bashi ne mai ruwa. Idan dole sai wata-wata, ka sa banki ya riƙa cirewa da kansa, domin biya ɗaya da ya kuɓuce na iya jawo sokewa.

Mataki na bakwai: idan kowa ya ƙi ka

Tunda doka ce ta wajabta inshora, ƙasashe da dama sun tanadi ƙofar ƙarshe. Jihohin Amurka suna da tsarin da ake rarraba direbobin da aka ƙi a tsakanin kamfanonin da ke aiki a jihar, kowanne ya karɓi rabonsa. A Kanada ƙungiyar Facility Association ce ke wannan aiki a larduna da dama. A Faransa akwai ofishin tsakiya na yanke farashi, wanda ke iya tilasta wa kamfani ya ba mutum kariyar haƙƙin wasu a kan kuɗin da ofishin ya yanke. Duka suna da tsada kuma kariyarsu taƙaitacciya ce, amma suna hana giɓi a tarihinka, wanda shi ne abin da kake buƙata a wannan lokaci. Ka adana wasiƙun da aka ƙi ka da su, domin za a iya neman su a matsayin shaida.

A Amurka kotu ko hukumar lasisi na iya buƙatar takardar SR-22 bayan babban laifi. Ita ba inshora ba ce, shaida ce da kamfani ke aika wa hukuma cewa kana da mafi ƙarancin kariyar da doka ta nema, kuma yawanci shekara 3 ake riƙe ta. Idan inshorar ta mutu a cikin wannan wa'adi, kamfani zai sanar da hukuma, a sake dakatar da lasisin, kuma a wasu jihohi ƙidayar ta koma farko. Jihohin Fulorida da Bajiniya suna da FR-44 ga masu laifin maye, wadda ke neman iyaka mafi girma. Wanda ya sayar da motarsa a wannan lokaci zai iya ɗaukar inshorar direban da ba shi da mota, don shaidar ta ci gaba da aiki.

Mataki na takwas: ka shirya ranar fita

Kada ka bari inshorar ta sabunta kanta ba tare da ka duba ba. Kamfanin da ya karɓe ka lokacin da kowa ya ƙi ka ba lallai ne ya rage maka da kansa ba idan tarihinka ya gyaru. Ka koma ga ranakun da ka rubuta a mataki na biyu, ka sa su a kalandar wayarka, kuma makonni uku ko huɗu kafin kowace sabuntawa ka sake neman farashi a wurare da yawa. Ƙaramar ɓarna da kuɗin gyaranta bai wuce kasonka da yawa ba, ka auna ko ya fi maka ka gyara da kanka, amma ka sanar da kamfani abin da ya faru idan sharuɗɗan sun buƙaci haka, musamman idan akwai wani mutum ko wata mota a ciki. Idan za ka koma wani kamfani, ka tabbatar sabuwar inshorar ta fara aiki kafin tsohuwar ta ƙare, ko da da kwana ɗaya ne, ka karɓi takardar shaidar shekarun da ka yi babu neman diyya daga tsohon kamfanin, sannan idan kana ƙarƙashin SR-22, ka jira tabbaci a rubuce daga hukumar lasisi cewa wa'adin ya cika kafin ka ce wa kamfani ya janye ta.